Baƙo Da Mai Masaukinsa A Serdang

Duk wanda ya tashi a Potiskum ya san baƙon da ya kawo shanu kara ba ya faɗawa ciniki kai tsaye. Sai ya sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi makwanci, ya nuna masa wanda za a sayar wa da wanda za a kauce wa, in kuma rigima ta tashi shi ake nema. Irin wannan tsari na tarar a Maleshiya game da ɗaliban ƙetare, sai dai nasu a rubuce yake, kuma hukuma ce ta tsaya masa.

Na je duba ɗan ƙanena ne da ke digiri na biyu a Jami'ar Putra da ke Serdang, kudu da Kuala Lumpur. Makarantar ta faro a 1931 da koyar da aikin gona, har yau kuwa kana zagayawa za ka ga gonaki da dabbobi suna kiwo. Malaman manyan makarantunmu na Arewa da yawa nan suka yi karatu, wasu da kuɗin TETFund.

Da na tambaye shi yadda zaman yake, sai ya zaro fasfo da wani ɗan kati mai hotonsa, da sunan makarantarsa, da ranar da izinin zamansa zai ƙare.

"Baffa, nan ba a sanin wani ya san wani," in ji shi. "Wannan katin shi ne dangina."

Tun 2012 gwamnati ta kafa hukumar EMGS, ita ke tace takardun duk baƙon ɗalibi. Ba ka hawa jirgi sai takardar amincewa ta fito, ɗan Najeriya kuma sai ya haɗa da katin rigakafin shawara. Ka sauka, cikin mako guda za a gwada jininka da fitsarinka, a ɗauki hoton ƙirji. Wanda aka samu da wata cuta da suka hana, ko alamar ƙwaya, gida zai koma, ko ɗan wane ne. Inshorar lafiya dole ce, don haka ɗalibi in ya kwanta ba a zagaya abokai ana karo-karo kafin likita ya duba shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗaure biza da aji. A matakin digirin farko, in halartar darasinka ta gaza kashi 80 cikin 100, ko makinka ya faɗi ƙasa da 2.0, sabunta izinin zama ya zama aiki. Makaranta ce ke ba da shaida, ita kuma za a tuhuma in ɗalibinta ya ɓata. Mu da muka saba jin labarin yaron da uba ya sayar da gona ya tura waje, ya shekara uku ba a san ya daina shiga aji ba, mun san darajar wannan. Aiki ma an yi masa iyaka: awa 20 a mako, lokacin hutu kawai, a gidan abinci ko otal ko gidan mai ko ƙaramin kanti, kuma sai da izini. Yaran suna gunaguni, musamman da naira ta karye, wani lokaci kuma sabunta takardu kan ja su makonni. Duk da haka ban ji wanda ya ce ba a faɗa masa tun farko ba.

A jirgin ƙasan KTM na ga taragu masu alamar ruwan hoda, na mata zalla, tun 2010 ake da su. 'Yan mata da hijabansu da jakunkunan littattafai, wata har ta jingina tana gyangyaɗi bayan isha'i, hankalinta kwance. Uba daga Yobe, wanda bai manta bam ɗin da ya tashi a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum a Nuwamban 2014 ba, ba zai kalli wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Gargaɗin da ake nanata wa sabon zuwa shi ne na ɗaukar kayan mutane, don kada a saka masa ƙwaya. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1952 ta ce wanda aka kama da giram 200 na wiwi ko giram 15 na hiroyin, mai fataucinta ne har sai ya wanke kansa. Da can rataya ce ba makawa. A 2023 aka bai wa alƙali cikakken zaɓi, amma hukuncin kisan na nan. Rahoton Amnesty na 2019 ya nuna 'yan Najeriya ne suka fi yawa a baƙin da ke jiransa.

Daren da zan taho wani ɗalibi ya kawo ƙunshi in kai wa mahaifiyarsa Kano. Har na miƙa hannu, ɗan nawa ya ce, "Baffa, tsaya a buɗe." Hijabai ne da man zafi. Aka zazzage su a tabarma, aka duba ɗaya bayan ɗaya, mai kayan da kansa yana taya mu warware su.