Jaridar Gari a Amurka da Rediyon Arewa

A Amurka, labaran cikin gida sun daɗe suna hannun ƙananan jaridu. A da, kusan kowane gari mai 'yan dubban mutane yana da jaridarsa ta kullum ko ta mako-mako, kuma babban aikinta shi ne bin diddigin hukumomin garin. Wakilinta kan je zaman majalisar gari da daddare, ya samu kujera a baya, ya rubuta sunan wanda ya goyi bayan ƙarin haraji da wanda ya ƙi, da adadin da aka ware wa gyaran titi, da kamfanin da aka ba kwangila. Washegari ya leƙa kotu da ofishin 'yan sanda da hukumar makarantu. Aikin ba shi da armashi, wani lokaci ma shi kaɗai ne baƙo a zauren, amma zamansa a wurin kan sa kansiloli su shiga taitayinsu.

Ƙananan tallace-tallace ne suka ɗauki nauyin wannan aiki: mai neman ɗan haya, mai sayar da tsohuwar mota, kantin da ya rage farashi. Da intanet ta zo, shafin Craigslist ya fara buga irin waɗannan sanarwoyi kyauta, daga baya Google da Facebook suka kwashe manyan masu talla. Kuɗin tallar jaridun ƙasar, wanda ya kusa dala biliyan 50 a 2005, ya faɗo ƙasa da biliyan 10 a 2020. Masu bincike a Jami'ar Northwestern sun ƙirga jaridu sama da 3,000 da suka ɓace tun 2005, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma gundumomi sama da 200 ba su da kafar labarai tasu ko guda. Rocky Mountain News ta birnin Denver ta rufe a 2009, saura kiris ta cika shekara 150. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma hannun kamfanonin zuba jari irin su Alden Global Capital, masu rage ma'aikata da sayar da gine-gine, har jarida ta zama suna kawai.

Garin Bell da ke kusa da Los Angeles ya nuna abin da kan biyo baya. Gari ne na talakawa, mutanensa ba su kai 40,000 ba, kuma an ɗauki shekaru babu jaridar da ke halartar zaman majalisarsa a kai a kai. Sai a 2010 Los Angeles Times ta gano cewa babban jami'in mulkin garin, Robert Rizzo, yana karɓar albashin kusan dala 800,000 a shekara, kimanin ninki biyu na albashin shugaban ƙasar. An ɗaure shi daga baya, amma an riga an daɗe ana tatsar mutanen garin.

A arewacin Najeriya jarida ba ta taɓa samun irin wannan gindin zama a ƙananan garuruwa ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, da New Nigerian ta Kaduna a 1966, jaridun yanki ne baki ɗaya, kuma gwamnati ce ta riƙe su. Rediyo ne ya shiga kasuwa da gona da tashar mota. Bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi, da buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu sun yawaita, sun kuma zo da abin da jaridar Amurka ba ta da shi. Wanda aka ƙwace wa fili, ko unguwar da ta yi wata uku babu ruwa, kan tashi takanas zuwa tashar, a ɗauki muryarsu, a nemi jin ta bakin hukuma. Shirye-shirye irin su Inda Ranka sun yi suna ta wannan hanya, kuma sau da dama ƙorafin da aka ji da dare kan sa a ga ma'aikata da safe.

Raunin rediyon yana wajen mai biyan kuɗi. Tasha tana ƙona gas a janareta mafi yawan yini, tana biyan kuɗin lasisi, masu tallar kaya kuma ba su da yawa. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, kafin ta janye. Don haka ake sayar da fili ga 'yan siyasa, inda sojojin baka ke yabon ubangida da sukar abokin hamayya, kuma tallar gwamnati kan zama linzami a bakin tasha. Wakilin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ko aka yi watanni ba a biya shi ba, kan dogara da kuɗin mota da ake rabawa bayan taron manema labarai. Wannan babban lahani ne, domin da wuya mutum ya binciki wanda ke cika masa aljihu. Ga kuma barazanar kamu da shari'ar ɓata suna, waɗanda ƙaramar kafa ba ta da kuɗin lauyan da za ta tunkare su.

Hanyoyin gyara ma sun bambanta. A Amurka wasu jaridu sun daina neman riba, kamar Salt Lake Tribune a 2019, suna rayuwa da gudummawar masu karatu, kuma a 2023 gungun gidauniyoyi ƙarƙashin jagorancin gidauniyar MacArthur suka yi alƙawarin dala miliyan 500 ga labaran cikin gida. A Birtaniya, BBC ce ke biyan albashin wakilai sama da 150 da aka ajiye a jaridun garuruwa domin su halarci zaman ƙananan majalisu. Nijar ta bi hanyar rediyon al'umma tun 1999, inda ƙauyuka ke da tashoshinsu, ko da yake yawancinsu da ƙyar suke tafiya. Najeriya sai a 2015 ta ba da lasisin irin waɗannan tashoshi guda 17.

Duk da yawan muryoyi a Arewa, wakilai sun taru ne a manyan biranen jihohi, kusa da gidan gwamnati. Ƙananan hukumomi 774 ke akwai a ƙasar, 44 daga ciki a Kano kaɗai, kuma ba kasafai ake samun ɗan jaridar da ya karanta kasafin kuɗin ɗaya daga cikinsu ko ya zauna a zauren kansilolinta ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Dokar samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar neman takardun hukuma, amma bin sawun waɗannan kuɗaɗe yana buƙatar wakili mai albashi da zai zauna a ƙaramar hukuma irin Tsanyawa ko Doguwa, kuma tashoshi ƙalilan ne ke iya ɗaukar nauyinsa.