Dare Ɗaya a La Scala

Harkar fata ce ta kai ni Milan. Kwana uku muna zirga-zirga tsakanin majema da dillalai, rana ta huɗu mai masaukina, wani dattijo ɗan Italiya da ya daɗe yana sayen fatar akuya daga Kano, ya ce yau kam sai na raka shi La Scala, gidan wasan ofera na garin. Na ce ai ba na jin yarensu. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kunne kawai za ka kai."

Daga waje ginin bai cika ido ba, mutum zai iya wuce shi bai waiga ba. Alhali tun 1778 ake waƙa a cikinsa. Bama-bamai sun ragargaza shi a 1943, aka sake buɗe shi a 1946, tun garin bai gama farfaɗowa daga yaƙi ba. Ciki kuwa wata duniya ce: jan ƙyalle da ruwan zinariya, hawa shida a kewaye kamar kofaton doki, kujeru kusan 2,000.

Can ƙololuwa muka hau, wurin da suke kira loggione, inda tikiti ya fi araha. Ashe nan alƙalan gidan suke. Tsofaffi ne da ɗalibai waɗanda suka haddace kowace gaɓa ta waƙar, kuma ba sa rufa wa kowa asiri. A 2006 sun yi wa mawaƙi Roberto Alagna ihu tun a farkon wasan Aida, ya fice daga dandamali bai dawo ba. Namiji ke nan mai suna a duniya, balle yarinya sabuwar shiga.

Wasan daren La Traviata ne, na Giuseppe Verdi. Mai jan ragamarsa sofrano ce, wato mace mai mafi tsinin murya a cikin muryoyin ofera. A wajenmu sai mu ce zabiya, sai dai ita wannan ba ta da 'yan amshi da za su rufe mata in numfashi ya yanke. Na yi ta leƙen inda aka maƙala mata makirfo, babu. Makaɗa fiye da hamsin ne a ramin da ke gabanta, da goge manya da ƙanana da ƙahonin tagulla, amma muryarta ta ratsa su ta iso mana hawa na shida tar. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ƙarshen wasan. Matar da take kwaikwaya tarin fuka ne ke cinye ta, saboda haka a kwance take waƙa, a kan gado, da murya siririya kamar zaren gizo-gizo. Duk da haka ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Na dubi mai masaukina, ya damƙe ƙarfen baranda, leɓensa na motsi, yana bin ta a zuci.

A hanyar komawa ya warware mini yadda ake kai wa nan. Shekaru ake yi ana koyon numfashi kawai, daga ciki ba daga maƙogwaro ba. A koyi Italiyanci da Faransanci da Jamusanci, a shiga gasa, a yi ƙananan rawa ana jiran ranar da babbar za ta kwanta mura. Ya kawo mini misalin Pretty Yende ta Afirka ta Kudu, haifaffiyar Piet Retief a 1985. Tana da shekara 16 ta ji waƙar ofera a tallar British Airways a talabijin, ta ce ita ma sai ta iya. Ta yi karatu a Cape Town, ta zo makarantar horar da mawaƙa ta La Scala, ta ci gasar Operalia a 2011. A 2013 aka kira ta cikin gaggawa ta maye gurbin wata a Metropolitan Opera ta New York. Daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban jama'a, ta tashi ta yi waƙarta, aka cika gidan da tafi. A 2023 ita ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila.

Sunan da ya fi yawa a bakinsa dai Maria Callas ne. Ita ma da cike gurbi ta fara shiga La Scala a 1950, a madadin Renata Tebaldi, kafin ta mallake gidan shekara da shekaru. A 1958 a Rum murya ta ƙi, ta bar wasan Norma bayan kashi na farko, shugaban ƙasa na zaune, jaridu suka yi mata ca. Ta rasu a Paris a 1977 tana da shekara 53. Dattijon ya ce sana'a ce da jarinta yake cikin wuya, ba a adana shi a banki.

Na tambaye shi, to waɗanda ba su yi suna ba fa, in murya ta tsufa ina suke nufa? Washegari bai ce komai ba sai da ya tsayar da mota a filin Buonarroti, gaban wani gida na jan bulo. Verdi ne ya gina shi da kuɗinsa don mawaƙa da makaɗan da ƙarfi ya ƙare musu, ya bar masa kuɗin haƙƙin waƙoƙinsa, aka buɗe a 1902, shekara guda bayan mutuwarsa. Kabarinsa ma a nan yake, tare da na matarsa Giuseppina Strepponi, wadda ita ma sofrano ce da muryarta ta gaji da wuri.

Muna tsaye a tsakar gidan sai na jiyo fiyano daga wata taga ta sama. Wata tsohuwa ce ke hawa da murya mataki-mataki. Ta kai wani wuri ta karye, ta yi gyaran murya, ta sake farowa daga ƙasa. Mai masaukina ya cire hularsa, muka tsaya har ta haye.