Kwana Huɗu a Garnaɗa da Kuɗin Masarar Funtuwa

A ƙarshen watan Nuwamba, bayan an gama casa an ɗinke buhuna, wani likitan dabbobi mazaunin Funtuwa ya tsaya a ƙofar sitonsa yana ƙirga amfanin gonarsa da ke kan hanyar Bakori zuwa Malumfashi. Ya ware na ci, ya ware na zakka, ya ware wanda za a sayar a sayi taki. Sannan ya sa aka jera wasu buhunan masara a kusurwa guda, ya ce wa yaron sito kada a taɓa su, na Andalus ne. Yaron ya ɗauka sunan wani dillali ne.

Garnaɗa yake nufi, birnin kudancin ƙasar Sifen da Turawa ke kira Granada. Niyyarsa ya kai matarsa da 'ya'yansu uku su yi kwana huɗu su dawo. Marigayi mahaifinsa magatakardan kotun alƙali ne, kuma a zaurensa likitan ya fara ganin Tuhfa, littafin shari'a da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi. Sai da ya girma ya san cewa mai littafin, Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ne, a can ya rasu a 1426. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatai, shi ma ya taɓa riƙe alƙalancin birnin. Alfazazi, mai Ishiriniyar da makafi da 'yan Islamiyya ke rerawa, haifaffen Ƙurɗuba ne. Rabin abin da ya ji a zauren nan yana yaro daga wannan yanki ya fito, shi kuwa yana son 'ya'yansa su taka ƙasar da ƙafarsu tun suna sauraron maganarsa. Babbar shekarunta 13, kuma ta fara amsa masa ba tare da ta ɗago kai daga waya ba.

Abin da ya fara cin karo da shi lokaci ne. Dogon hutun makaranta yana faɗawa ne a Agusta, tsakiyar damina, lokacin da manomin kudancin Katsina ba ya iya yin nisa da gona, kuma dukiyarsa duk tana cikin ƙasa. A watan ne kuma zafin Garnaɗa kan kusanci digiri 40. Hutun Disamba ya fi dacewa da aljihu, tunda kaka ta yi, sai dai birnin yana gindin duwatsun Sierra Nevada masu ƙanƙara, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida; yaron da hunturun Funtuwa ke sa wa mura ba a fara masa Turai da wannan ba. Abin da ya rage shi ne hutun Afrilu, kafin ruwan farko, lokacin sharar gona da kai taki, aikin da ƙaninsa zai iya tsaya masa. Ko a nan sai an kauce wa makon Ista, domin a makon nan jerin gwanon coci-coci kan cika titunan biranen yankin, kuɗin masauki kuma ya tashi.

Da aka tsayar da Afrilu sai maganar biza ta taso, a nan ne kuma shirin ya daɗe. Sifen tana cikin ƙasashen Shengen, ƙa'idojinsu kuwa a rubuce suke. Tun Yunin 2024 kuɗin neman biza Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. Uba da uwa da babbar 'yar 270 ke nan, ɗan shekara 9 ya ƙara 45, autar mai shekara 4 ba a biya mata: Yuro 315, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowane mutum, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar dawowa, da takardun haihuwar yara, da shaidar masauki da ta jirgi. In an hana biza ba a mayar da kuɗi. A shekarun baya-bayan nan kuwa fiye da kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka nemi bizar Shengen an hana su.

Duk wannan mai ilimi zai iya bi layi-layi. Wanda ya tsayar da likitan shi ne takardar bayanin asusun banki ta watannin baya. Jami'in biza yana son ya ga kuɗi na shiga a kai a kai kamar albashi, ya ga kuma abin da zai sa mutum ya koma gida. Albashin likitan dabbobi a aikin gwamnati ba ya ɗaukar mutum biyar zuwa Turai. Abin da zai ɗauke su yana jere a sito, wani yana kiwo a hannun Bafulatani, wani bashi ne a wurin masu kaji da ya ba su magani. A kasuwar Bakori ko ta Dandume kowa ya san nauyin mutumin da ke da buhu ɗari a ajiye. A takardar banki wannan mutumin ba shi da komai. In kuma ya jira ya sayar a Maris, kuɗi suka faɗo asusunsa gaba ɗaya ana saura mako biyu ya miƙa takardu, mai dubawa zai iya ɗauka aro ne aka yi don a cika ido.

Saboda haka dole ya sayar tun Disamba, a kakar da hatsi ya fi araha, ya bar kuɗin su kwanta a banki wata uku ko huɗu. Manomin da ya san kansa ba ya son wannan. Duk hikimar sito ita ce a riƙe hatsi har ya yi daraja wajen bazara, naira kuwa ba ta da wannan hali in an ajiye ta. Bambancin farashin Disamba da na Afrilu wani kuɗin biza ne da ba a rubuta a ko'ina ba, mai albashi a Abuja kuma ba ya biyansa. Gaskiya ne lissafin ba ya tafiya haka kowace shekara: a 2025 waɗanda suka riƙe hatsi sun ga farashi ya faɗi, na taki kuwa ya tsaya a sama. Da wannan ya lallashi kansa. Ya sayar da buhunan Andalus a hankali, kasuwa uku, ya roƙi kowane ɗan kasuwa ya tura kuɗin ta banki ya kuma rubuta masa rasit. Ɗaya daga cikinsu, wanda suka shekara goma suna ciniki da baki kawai, ya ji haushin maganar rasit ɗin, sai da aka yi masa bayani.

Matarsa malamar sakandare ce 'yar Malumfashi, ita ce kuma ta gyara jadawalin. Shi ya rubuto nasa a takarda: ranar farko fadar Alhamra, ta biyu Ƙurɗuba don ganin masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ta uku Ishbiliya, ta huɗu kasuwa. Ta karanta ta ajiye.

"Likita, wannan tafiyar taka ce kai kaɗai. Auta a bayan wa za ta yi ta?"

Ta ƙirga masa hanya tun daga ƙofar gida. Funtuwa zuwa Zariya, Zariya zuwa Kaduna, duk da rana, domin ba mai ɗaukar yara a hanyar nan da dare. Daga Rigasa jirgin ƙasa zuwa Idu, a kwana a Abuja. Babu jirgin sama daga Abuja kai tsaye zuwa Garnaɗa, sai an sauya a wata ƙasa, a sauka Malaga a hau bas ta kusan awa biyu, ko a sauka Madrid a hau jirgin ƙasa na sama da awa uku. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, don kwana huɗu. Ranar farko, in ji ta, ta barci ce. Ta soke Ishbiliya. Ƙurɗuba ta ce a bar ta a buɗe, sai an ga ƙafafun yara. Wannan ya yi masa ciwo, domin Ƙurɗuba ce rabin mafarkinsa, amma bai sami abin cewa ba. Duk wanda ya taɓa jan yaro ɗan shekara huɗu a kasuwar Funtuwa ranar Litinin ya san malamar ce ke da gaskiya.

Ita ce kuma ta gano cewa kilishi da dambun nama da man shanu da ta yi niyyar ƙullawa ba za su wuce filin jirgi ba, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje. Sai ta nemi masauki mai ɗan kicin a gindin unguwar Albaizin, tsohuwar unguwar Musulmi da ke kan tudu tana kallon fadar. A nan akwai gidajen abincin 'yan Maroko, akwai kuma masallacin da aka buɗe a 2003. Mutanen Sifen ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara, lokacin da yaran Funtuwa sun daɗe da barci, don haka tukunyar shinkafa a masauki ta fi kowace shawara amfani.

Alhamra kanta tana da nata sharaɗin. Sarakunan Banu Nasr ne suka gina ta, tun daga Muhammad ɗan Ahmar a 1238 har aka miƙa birnin a 1492, yawan masu ziyara kuma ya sa ake ƙayyade shiga. Tikiti yana ɗauke da sunan mutum da lambar fasfonsa, ɓangaren fadojin sarakuna yana da sa'ar shiga da ba a ɗaga wa kowa, a lokacin bazara kuma tikiti kan ƙare tun da sauran makonni. 'Yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya, amma sai an yankar musu nasu. Wato mutum zai sayi tikitin shiga fadar tun bai san ko za a bar shi ya shiga ƙasar ba. Likitan ya kwana biyu yana juya wannan, sannan ya saya, na ƙarfe goma na safe a rana ta biyu.

Yaran kuwa kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka. Ɗan shekara 9 ya ji cewa akwai zakuna goma sha biyu na dutse da ruwa ke fita daga bakinsu, shi ke nan ba ya maganar komai sai su. Babbar ta nemo hotunan bangon fadar a waya, ta ƙura musu ido, ta ce, "Baba, ai wannan ana iya karantawa." Ta bi haruffan da yatsa har ta haɗa taken gidan sarautar, wanda aka maimaita a bango sau ba adadi, mai cewa babu mai rinjaye sai Allah. Ya tashi ya ɗauko Tuhfar mahaifinsa daga cikin akwati, mai bangon fata da ya fara sakewa, suka zauna har aka kira Isha. Bai gaya wa kowa ba, amma daren nan ya rage jin zafin farashin Disamba.

A tsakiyar Fabrairu suka tafi Abuja su biyar. Aka ɗauki hoton yatsun uba da uwa da babbar 'yar. Ƙananan biyu shekarunsu ba su kai 12 ba, ba a ɗauki nasu ba. A cikin fayil ɗin, bayan takardar aiki da ta banki, ya sa takardar gona da rasit ukun nan da aka rubuta da biro. Ka'ida ta ce amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45. Suka bar fasfo biyar a can suka kamo hanyar gida.

Kusurwar siton ba komai yanzu sai katakon da aka ɗora buhunan a kai. Ƙaninsa ya zo da maganar taki, yana tambaya ko a taɓa kuɗin da ke banki kafin farashi ya ƙara tashi. Likitan ya ce a dakata zuwa ƙarshen wata.