Shika da Lissafin Saniyar Tatsa

Wanda ya bar Samaru ya miƙi hanyar Funtuwa zai iske Shika, mazaunin cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Da bazara na je, na tarar da shanun tatsa suna cin harawa da dusa da angurya. Cikin saniya wata 9 ne, saboda haka mai son maraƙi duk shekara sai saniyarsa ta ɗauki ciki cikin wata 3 da haihuwa. A daidai lokacin ne kuma nono ke zuƙe jikinta, in ta rame ba ta neman bijimi. Shi ya sa a rugagenmu saniya kan kusan shekara 2 tsakanin haihuwa da haihuwa. Gyaran yana hannun makiyayi: ya tanadi harawa tun da kaka.