Laburare, Daga Ɓawon Itace

Ku da kuka yi sakandare a shekarun 1970 kun san abin da ake nufi idan an ce laburare: dogon ɗaki mai fanka tana juyawa a kasalance, kantoci maƙil da littattafai masu lamba a gadon baya, akwatin katako mai ƙananan aljihuna inda ake laluben sunan marubuci a jikin kati, sai kuma ma'aikacin da zai doka maka hatimin ranar mayarwa, ya leƙo ka ta saman tabarau da kallon da ya fi tara zafi. Yau yaro sai ya gama jami'a bai ari littafi ko ɗaya ba.

Kalmar aro ce. Bahaushe ya karɓe ta daga bakin Bature ya lanƙwasa ta daidai harshensa. Shi ma Baturen Ingila aro ya yi daga Faransanci a ƙarni na 14, Faransawa kuwa gadonta suka ci daga Latin, harshen Rumawa, inda liber ke nufin ɓawon itace na ciki, irin wanda aka taɓa yin rubutu a kansa, daga baya sunan ya koma kan littafi ɗungurum, akwatin ajiye shi kuma ya zama librarium. Abin dariya, a wurin Faransawan ma'anar ta zame. Marubuci Montaigne, a ƙarni na 16, librairie yake kiran ɗakin littattafansa, amma yau ka nemi librairie a Maraɗi ko Damagaram, kantin sayar da littattafai za a nuna maka. Wurin aro shi ne bibliothèque, kalmar Girkanci mai nufin ma'ajin littafi, wadda ake danganta tushenta da Byblos, tashar jiragen ruwa a Lebanon ta yau, inda Girkawa ke samun takardar da ake yi da karan wani tsiro na Masar.

Duk inda ka bi sawun kalmar, abin taɓawa da hannu za ka tarar: ɓawo, kara, akwati.

Mu ma kafin zuwan Bature muna da namu, ku saurara samari. Littafi, wanda shi ma daga al-kitab na Larabci muka samo shi, warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, a sa su cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka, a jera a adaka a zauren malam, kuma wanda ya aro ba karantawa kawai zai yi ba, zama zai yi da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi kaf kafin ya mayar. Da En'e, wato hukumar gargajiya, ta buɗe ɗakunan karatu a garuruwa, dattawa kan taru a karanta musu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. A ganina wannan suna, ɗakin karatu, ya fi na Turawan faɗin gaskiya, domin aikin ya ambata, ba ajiya ba.

Gine-ginen suna nan. Laburaren Ƙasa da aka kafa a 1964 yana nan, na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello yana cika idan jarrabawa ta matso. Sai dai da yawan masu shiga irin waɗannan wurare da takardun lacca suke zuwa, littafin da malami ya ce a nema kuwa tuni wani ya turo shi ta WhatsApp. Kujerar da ake rububi ita ce ta kusa da soket.