Littafin ƙungiya na kowa ne

Yau ina so mu yi magana a kan ƙungiyoyin taimakon kai da kai na garuruwanmu, tun daga Dogon Kirya da Sukukutan har Tibiri da Gesheme. Ni magatakardan bankin cimaka ne a garinmu, cikin karkarar Ɗankasari. Abin da na gani a wannan aiki shi zan faɗa muku.

Haɗa kai tsohon abu ne a wurinmu. Kakanninmu sun san gayya. In gonar mutum ta fi ƙarfinsa, sai ya kira samari, a yi masa noma rana ɗaya, a sha fura, a watse. Mata kuma sun san adashi da biki. A shekarar 1962 gwamnati ta kafa hukumar UNCC domin koperatif na manoma. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta gina azuzuwan lakkol da yawa da hannunta. Bayan babban taron ƙasa na 1991, ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yawaita. A 2004 aka yi zaɓen kananan hukumomi, garuruwa irin Matankari da Kiyeshe da Dumega da Kore Mairuwa suka sami majalisunsu. Wannan ya buɗe ƙofar ƙawance da wasu garuruwa na waje.

Ga misali. A 2009 Ɗankasari ta ƙulla ƙawance da wani gari na Faransa mai suna Seson-Sebinye. Haɗin ƙungiyoyin nan da ake kira Tarbiyya Tatali shi ya riƙe aikin. A cikinsa akwai ƙungiyar RAEDD ta ƴan Nijar, da abokanta na Faransa. Sun yi aiki a Lugu, garin Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya gaban sojan Bule da Shanuwan a 1899. Sun yi aiki a wasu ƙauyuka da dama. An gyara rijiyoyi da famfuna. An horar da kwamitocin ruwa. An buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, an ba mata ƙananan basussuka, an taimaka wa bankunan cimaka. A Dogon Dutsi kuma, mutanen garin Orse na Faransa sun yi aiki tare da ƙungiyar RAIL ta Nijar. An gina salga a gidaje, an jera duwatsu a gangaren tudu don rage ƙarfin ruwan kwari, an taimaka wa masu noman rani, musamman masu dankalin turawa.

Akwai kuma Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara wannan tsari a jihar Maraɗi a 1991. Mata suna zubi kowane mako a cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo 3. Makullan suna hannun mata 3 daban, akwatin yana gidan ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda take bukata ta ɗauki bashi, ta yi sana'a, ta biya. In shekara ta zagayo a raba abin da aka tara. Wannan dubara da aka fara a Nijar ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka, har ta ƙetare teku.

Duk waɗannan ayyuka ne masu kyau. Amma akwai tambayar da ta daɗe tana damuna. In ka yi yawo a ƙauyukanmu, za ka ga famfo yana aiki shekara da shekaru a wannan gari. A gari na gaba kuma famfo irinsa ya mutu, awaki suna kwana a kansa. Za ka ga magaza cike da hatsi a nan, can kuma magaza ba ƙofa, jemagu sun mai da ita gida. Ƙungiya ɗaya ce ta kawo su, kaya iri ɗaya, shekara ɗaya. To, me ya raba su?

Ga abin da ya faru a garinmu. Bayan yunwar 2005, wani shiri na taimako ya gina mana magaza, ya zuba buhu 50 na hatsi. Aka yi taro, aka zaɓi kwamiti, aka yi guɗa. Dokar banki mai sauƙi ce. Da kaka, lokacin da hatsi yake araha, banki ya saya ya ajiye. Da damina, lokacin da rumbu ya ƙare kuma kasuwa ta yi wuta, banki ya sayar wa mutanen gari tiya tiya, ƙasa da kuɗin kasuwa. Kuɗin da aka samu a sake sayen hatsi da su in kaka ta zo. Haka magidanci zai tsaya ya nome gonarsa, ba sai ya tafi ƙwadago gonar wani ba don ya ciyar da iyali.

An ba mu littafin lissafi, amma da Faransanci yake. Mutum ɗaya ne a kwamiti ya iya rubuta shi. Shekarar farko komai ya tafi daidai. Shekara ta biyu aka fara bashi. Wannan ya zo da dare ya ce matarsa ta haihu. Wancan ya ce baƙi ya yi. Wani dattijo ne da ba a iya ce masa a'a. Aka riƙa aunawa ana cewa sai kaka. Wani bashin an rubuta, wani an bar shi a ka. Da kaka ta zo, wanda ya ɗauki tiya 10 ya ce 6 ya sani. Mai rubutun kuma ya tafi cin rani Nijeriya, littafin yana cikin akwatinsa a kulle. A shekara ta huɗu buhu 7 suka rage a magaza.

Abin da ya fi asarar hatsi ciwo shi ne zargi. Kowa ya riƙa kallon ɗan'uwansa da ido ɗaya. Gidaje biyu suka daina gaisawa. Har yau ba wanda zai iya rantsewa ya ce wane ya ci, domin ba takardar da za ta nuna. Mai yiwuwa ne ma ba wanda ya yi sata. Hatsin ya tsiyaye ne kaɗan kaɗan, kamar ruwa a tsagaggen tulu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke bangonmu ita ce rashin karatu.

Daga baya aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Muka koyi baƙaƙe da lissafi da Hausa, da rani, a ƙarƙashin rumfar kara. Da muka gama, sai wata tsohuwa daga cikin masu zubi ta tashi a taron gari. Ta ce wa mai gari: Ranka ya daɗe, ga ƴaƴanmu sun iya rubutu, me zai hana a sake tada banki? Aka yi shawara. Kowane gida ya kawo tiya 5 da kaka, aka haɗa da abin da ya rage. Sai muka kafa dokoki 4.

Ta farko, littafi da Hausa za a rubuta shi. Ta biyu, littafi biyu ne, ɗaya a hannun magatakarda, ɗaya a hannun wata mace da ta yi ajin karatu, kuma dole su yi daidai. Ta uku, mai rubutu ba ya riƙe kuɗi, mai kuɗi ba ya riƙe makullin magaza. Wannan daga Mata Masu Dubara muka koyo ta. Ta huɗu, kowane wata ana karanta littafi da babbar murya a ƙofar gidan mai gari, bayan la'asar. Wanda duk ya so ya zo ya ɗauki littafin ya duba da idonsa.

Bari in nuna muku yadda shafin yake, domin ba wuya gare shi. Ka sami kaye da bik. Ka ja layi 4 daga sama zuwa ƙasa, ka sami gida 5. Gidan farko kwanan wata. Na biyu sunan mutum. Na uku abin da ya shigo. Na huɗu abin da ya fita. Na biyar abin da ya rage. A ce buhu ɗaya tiya 40 ne. In akwai buhu 20 a magaza, tiya 800 ke nan. In yau an sayar da tiya 30, sai ka rubuta 30 a gida na huɗu, ka rubuta 770 a gida na biyar. A ƙarshen wata a buɗe magaza a ƙirga. In abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takarda, to madalla. In bai yi ba, a nemi dalili tun ranar, kafin kowa ya manta.

Haka lissafin zubi yake. A ce mata 20 ne, kowace tana zuba dala 20 a mako. Kowane mako jikka 2 ke nan. A mako 40 sun tara jikka 80, ban da ribar sana'a. Kuɗi irin wannan ya fi ƙarfin a riƙe shi a ka. Haka kuma kuɗin famfo. Ana karɓar ɗan abu kaɗan a kan kowane bido, ana tarawa domin ranar da ƙarfe zai karye. In an rubuta, ranar da famfo ya tsaya za a kira mai gyara nan da nan. In ba a rubuta ba, sai a buɗe gwangwani a tarar da shi wayam, mata su koma rijiya mai gaba 30 da guga a hannu.

Ba zan ɓoye muku ba, dokar karatu a gaban jama'a ta sha suka da farko. Wani babba ya ce mini: Yaro, yanzu sunana za ka kira a bainar jama'a saboda tiya 8? Na ce masa: Baba, ka yi haƙuri, sunan mahaifina ma yana ciki, kuma shi zan fara kira. Ya yi shiru. Washegari ya aiko jikansa da hatsin. Wasu sun ce rubuta bashi rashin yarda ne tsakanin ƴan'uwa. Limaminmu ya raba gardamar. Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana. Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa komai.

Yanzu mutane sun saba. Ranar karatu har mata suna zuwa da tabarminsu. Akwai wadda ta taɓa tsai da ni, ta ce lissafin bai yi ba, a sake. Aka sake a gaban kowa, aka ga littafi biyu sun yi daidai, ta ce to ta gamsu. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Ma'aji ma ya ce mini tun da aka fara karanta littafi yake barci da kyau, domin ba mai yi da shi a bayan ido. Rubutu yana tsare dukiyar jama'a, yana kuma tsare mutuncin wanda aka ba amana.

Akwai wani dalili da ya sa na matsa a kan wannan magana. Taimakon waje baƙo ne, yana zuwa yana tafiya. Tsofaffinmu sun ga haka bayan yunwar 1973 da ta 1984. Mu ma mun gani da idonmu. Bayan canjin mulki na 26 ga watan Yuli 2023, Faransa ta dakatar da taimakon raya ƙasa da take ba Nijar, wasu masu ba da agaji ma suka ja baya. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun kananan hukumomi. Duk wannan bai hana damina zuwa ba, bai hana rumbu ƙarewa a watan Yuli ba. Garin da bankinsa yake tsaye da ƙafarsa ya auna wa mutanensa hatsi. Garin da ke jiran mota ta kawo ya yi ta kallon hanya. Kowa ya dogara da tukunyar wani, wata rana zai kwana da yunwa.

Muna godiya ga duk wanda ya taimake mu, na kusa da na nesa. Wanda ya gina maka magaza ya yi nasa. Wanda ya haƙa maka rijiya ya yi nasa. Riƙon abin kuwa namu ne, kuma riƙon yana farawa daga kaye.

Saboda haka, ɗan'uwa, kai da ka gama ajin karatu bana, ga aikinka. A garinku akwai kwamitin ruwa, ko bankin cimaka, ko koperatif na masu lambu, ko kwamitin lakkol. Ka je taronsu. Ka yi sallama, ka gai da manya, ka roƙi a nuna maka littafi. In da Faransanci yake, ka roƙi mushen lakkol ya taimake ku ku juya shi da Hausa. In babu littafi ma, ka ce a sayo, kai za ka riƙa rubutawa. Ke ma ƴar'uwa, kada ki ce wannan aikin maza ne. Ke kike ɗebo ruwa, ke kike daka hatsin, ke kika fi kowa sanin ranar da ya ƙare. Ki zauna kusa da akwatin zubi da bik a hannunki. Kuma kowa ya koya wa mutum ɗaya, domin in ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo a sami mai ci gaba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In a garinku kun sami wata dubara ta riƙe littafin ƙungiya, ku rubuto wa wannan jarida da hannunku, mutanen sauran garuruwa su karanta su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana haɗin kai da riƙon amana. Amin.