Ƙaramar Kwamfuta Mai Fasasshen Gilashi

Shekara uku tana kwance a ƙasan akwati, tun ranar da ta suɓuce mini ta faɗi kan siminti. Asus Eee PC ce, irin ƙananan nan da suka fara fitowa a 2007. Gilashin ya tsage daga kusurwa, baƙi ya malale ciki kamar an zubar da tawada. Mai gyara ya ce kuɗin sabon gilashi ya fi kuɗinta, sai na haƙura.

Ranar Asabar na ciro ta, na hure ƙura, na jona ta da talabijin ɗin falo ta wayar VGA, mai shuɗin kan nan. Na kunna. Fankarta ta ɗan yi gurnani, sai ga hotunan sunan 'yata, har da marigayiya Inna rungume da jaririyar, gefen mayafinta ya zame.

Na daɗe a zaune.

Yanzu na kwance murfin gaba ɗaya, na sa mata Linux mara nauyi, na mayar da hotunan, na ƙara karatun Alƙur'ani. In an ɗauke wuta, batirin yakan riƙe ta 'yan mintuna, karatun na ci gaba a cikin duhu.